Kayan Dashe Masu Gyara Guringuntsi da Tsirar da Sabon Ƙashi

Likitocin ƙashi suna da wasu kayayyaki da suke sanyawa a jikin majinyaci domin cike gurbin ƙashin da ya salwanta, ko domin taimaka wa guringuntsin gaɓa ya sake rufe inda ya ɗaye. Wasunsu ƙarfe ne, wasu gilashi, wasu roba ce mai narkewa a cikin jiki, wasu kuwa daga jikin dabba ko daga duwatsun murjani na ƙarƙashin teku aka samo su. Abin da ya haɗa su shi ne an tsara su domin su zauna a cikin naman mutum ba tare da sun zama guba ba, kuma ba tare da garkuwar jiki ta yi musu bore ba. Su ne ake nufi da kayan dashe masu jituwa da jiki.

A farkon wannan fanni, iyakar burin masu ƙera su shi ne kada jiki ya kula da su. Yanzu burin ya sauya. Ana so jiki ya hau kansu ya yi nasa ginin, su kuma su narke a hankali su bar masa wurin. A ɓangaren ƙashi an ci nasara mai yawa. A ɓangaren guringuntsi har yanzu da sauran aiki, kuma dalilin wannan bambanci yana cikin halittar su biyun.

Bambancin ƙashi da guringuntsi

Ƙashi abu ne mai rai. Kusan biyu bisa uku na nauyinsa ma'adinin kalsiyam da fosfet ne, wanda ke ba shi tauri. Sauran kuwa zaren furotin ne da ake kira kolajin, da ruwa, da ƙwayoyin halitta. Jijiyoyin jini sun ratsa shi ta ko'ina, kuma kullum akwai ƙwayoyin da ke rushe tsohon ƙashi da waɗanda ke biyo bayansu suna gina sabo. Idan ya karye, jini ke fara taruwa ya daskare a wurin. Cikin wannan daskararren jini ƙwayoyin gyara ke shiga daga ɓargo da fatar da ke lulluɓe da ƙashin, su fara yin wani ƙulli mai taushi, ƙullin ya yi tauri cikin makonni, daga baya jiki ya sassaƙe shi ya koma siffar asali. Ƙashi yana cikin sassan jiki ƙalilan da ke warkewa da irin namansu ba tare da tabo ba. Saboda haka aikin mai gyaran karaya, likita ne ko mai ɗori, bai wuce daidaita ƙashin da hana shi motsi ba, haɗewar kuwa jiki ke yin abinsa.

Guringuntsin gaɓa shi ne farin abin nan mai santsi da ake gani a bakin ƙashin cinyar kaza ko ƙafar sa. A gwiwar mutum kaurinsa bai fi milimita 2 zuwa 4 ba. Kusan uku bisa huɗu nasa ruwa ne, wanda wata saƙa ta kolajin da wasu sinadarai masu jan ruwa ke riƙe da shi, shi ya sa yake shanye nauyi kamar katifa kuma yake da santsi. Ba shi da jijiyar jini ko guda, ba shi da jijiyar jin zafi. Ƙwayoyin halittar da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, kowace tana kulle a ɗan raminta, ba ta iya tasowa ta je inda aka ji rauni. Abincinsu daga ruwan gaɓa yake zuwa, yana shiga yana fita duk lokacin da aka taka ƙafa aka ɗaga, kamar yadda ake matse soso a sake shi. Idan guringuntsi ya ɗaye babu jinin da zai taru, babu kuma ƙwayoyin gyaran da za su zo. Tun a 1743 likitan Birtaniya William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya komawa, kuma maganarsa ba ta tsufa gaba ɗaya ba.

Lokacin da ƙashi ya kasa haɗewa

Yawancin karaya tana warkewa. Amma akwai kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari da ke jinkiri ko su ƙi haɗewa, musamman ƙashin ƙwauri, wanda nama kaɗan ne ke rufe da gabansa. Akwai kuma inda wani yanki na ƙashin ne ya tafi ɗungurum: hatsarin babur ko mota da ya farfasa shi ya fito waje, harbin bindiga, ƙarin da aka yanke, ko ƙwayoyin cuta da suka ci ƙashi har ya mutu aka cire shi. Idan gurbin ya yi faɗi, bakin nan da bakin can ba sa iya riskar juna, sai tabon nama ya cike tsakaninsu.

Abin da za a cike wannan gurbi da shi ana so ya yi aiki uku. Ya zama tsaiko da sabon ƙashi zai hau, kamar tsaikon da ake ɗora wa ɗaki kafin a baibaye shi. Ya aika saƙon da zai jawo ƙwayoyin halitta su rikiɗe su zama masu gina ƙashi. Sannan, in da hali, ya zo da nasa rayayyun ƙwayoyin. Abu ɗaya ne ya haɗa ukun nan, shi ne ƙashin majinyacin kansa, wanda galibi ake ɗebowa daga tudun ƙashin ƙugu. Har yau da shi ake gwada kowane sabon abu. Matsalarsa ita ce ba shi da yawa, yana buƙatar yanka na biyu, kuma wasu majinyata kan daɗe suna jin ciwo a inda aka ɗebo. Akwai kuma ƙashin wani mutum da ya bayar gudummawa, wanda ake ajiyewa a ma'ajiyar ƙashi. Shi ana wanke shi, a daskarar da shi ko a haska shi da haske mai kashe ƙwayoyin cuta, don haka yakan iso babu rai a cikinsa, tsaiko ne kawai. Ana yin dashen ƙashi sama da miliyan biyu a duniya kowace shekara, kuma wannan buƙata ce ta sa ake ta neman madadin.

Ma'adinai da gilashi

Mafi tsufa a cikin madadin shi ne farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi daga waje, wato kalsiyam salfet. A 1892 wani likitan Jamus mai suna Dreesmann ya ba da rahoton cike ramukan ƙashi da shi. Har yanzu ana amfani da tataccensa, sau da yawa a cakuɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Aibinsa shi ne yana narkewa cikin makonni kaɗan, wani lokaci kafin ƙashi ya cim masa, kuma yakan sa ciwo ya yi ta tsiyayar ruwa.

Sai dangin kalsiyam fosfet, waɗanda suka fi kama da ma'adinin ƙashi. Wani nau'insu yana ɗaukar shekaru bai narke ba, wani kuma yana narkewa cikin watanni, shi ya sa ake haɗa su biyun a sami tsaka-tsaki. Ana yin su a masana'anta, ana kuma samo su daga ƙashin shanu da aka ƙone duk furotin da ke cikinsa, ko daga murjani, wanda ramukansa suka yi kama da na cikin ƙashin mutum. Waɗannan ramuka su ne jigon al'amarin. Idan faɗinsu bai kai ɗaya bisa goma na milimita ba, ƙwayoyin halitta ba sa samun shiga yadda ya kamata, kuma an fi son su kai ninki uku na haka, su kuma zama a haɗe da juna, domin jijiyar jini ta ratsa. Sai dai duk yadda ramuka suka yi yawa haka ƙarfin abin ke raguwa. Wannan ja-in-ja tsakanin ƙarfi da ramuka yana bin kusan kowane bincike a fannin. Ma'adinan nan suna da gautsi kamar tangaran: suna cike rami da kyau, amma ba sa ɗaukar nauyin jiki sai an tallafe su da ƙarfe.

Gilashin dashe kuwa Larry Hench na Jami'ar Florida a Amurka ne ya haɗa shi a 1969, bayan wata hira da ya yi da wani kanal na soja da ya ga yadda ake yanke gaɓoɓin sojoji a yaƙin Biyetnam saboda jiki yana ƙin ƙarafa da robobin lokacin. Gilashin Hench kashi 45 cikin ɗari silika ne, sauran sodiyam da kalsiyam da fosfet. Idan ya haɗu da ruwan jiki, samansa yana rikiɗewa ya zama irin ma'adinin ƙashi, sai ƙashi ya manne da shi. Wani nau'insa da aka haɗa a Turku ta ƙasar Finland yana sauya yanayin wurin da aka zuba shi ta yadda ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zama, don haka ake amfani da shi wajen cike ramin da tsohon ciwon ƙashi ya bari.

Ƙarafa da robobi

A 1952 Per-Ingvar Branemark, ɗan ƙasar Suwidin, yana nazarin gudanar jini a ƙashin zomo da wata 'yar na'ura ta titaniyam. Da ya zo cire ta sai ya tarar ƙashi ya kama ta gam. A kan wannan aka gina dashen haƙori na zamani, wanda ya fara yi wa mutum a 1965, da kuma gaɓoɓin roba da ƙarfe da ake kafawa ba tare da siminti ba. Amma titaniyam ya ninka ƙashi tauri sau biyar ko fiye, don haka yakan ɗauke nauyin da ƙashin ya kamata ya ɗauka, ƙashin da ba ya aiki kuwa ramewa yake yi. Maganin da aka samo shi ne ƙera ƙarfen da ramuka kamar saƙar zuma ta hanyar na'urar da ke gina abu hawa-hawa bisa hoton majinyaci. Akwai kuma kusoshin magniziyam masu narkewa, waɗanda aka amince da su a Turai a 2013 domin ƙananan ƙasusuwan ƙafa. Amfaninsu shi ne ba sai an koma tiyata an cire su ba. Idan suna narkewa suna fitar da iskar haidirojin, wadda kan fito a hoton ƙashi kamar kumfa a gefen kusar.

Robobi masu narkewa dangin zaren ɗinkin tiyata ne da ke ɓacewa da kansa. Wata daga cikinsu tana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ta narke, kuma ana iya gina ta daidai da siffar gurbin. A 2017 likitoci a Brisbane ta Ostireliya sun sanya irin wannan tsaiko a ƙwaurin wani mutum da ciwon ƙashi ya cinye masa kusan santimita 36, suka lulluɓe shi da wani yanki na ƙashi da fatarsa mai jijiyar jini da suka ɗauko daga jikinsa. Irin waɗannan ayyuka ɗaiɗai ne, kuma ba su zama abin da ake yi yau da kullum ba.

Dabarar siminti

Wani abin da ya fi waɗannan amfani ga asibitocin da ba su da kayan tsada ya fito ne daga abu mai araha, wato simintin ƙashi. Wata roba ce da ake kwaɓawa a ɗakin tiyata ta daskare cikin mintuna, wadda John Charnley ya yaɗa amfani da ita a Ingila wajen kafa ƙugun roba a shekarun 1960. Ba ta narkewa, ƙashi kuma ba ya shiga cikinta. Jiki yana ɗaukar ta baƙuwa, sai ya kewaye ta da wata 'yar fata. Shekaru da dama ana kallon wannan fata a matsayin alamar ƙi.

Likitan Faransa Alain Masquelet, wanda ya fara aikin a 1986, shi ya nuna cewa fatar tana cike da ƙananan jijiyoyin jini kuma tana fitar da sinadaran da ke tsirar da ƙashi. Dabararsa mataki biyu ce. A tiyatar farko ana yanke duk mataccen ƙashi da ruɓaɓɓen nama, a tallafe gaɓar da ƙarfe, a cike gurbin da siminti. Bayan mako 6 zuwa 8 a koma a tsaga fatar a hankali, a cire simintin, a zuba gutsattsarin ƙashin majinyaci a cikin jakar da ta samu, a ɗinke. Jakar tana ciyar da dashen tana kuma hana jiki shanye shi. An gyara gurbin da ya kai santimita 25 ta wannan hanya. Idan ƙashin majinyaci bai isa ba, akan ƙara masa wani abu daga ma'adinan da aka ambata. Sharaɗinta mai tsanani shi ne a tabbatar ƙwayoyin cuta sun mutu kafin mataki na biyu, domin babu dashen da ke kamawa a cikin ruɓa. Abokiyar gasarta ita ce dabarar Gavriil Ilizarov na Kurgan a Rasha, inda ake yanka ƙashi a riƙa jan sa milimita ɗaya kowace rana da wani ƙarfe mai zobba, sabon ƙashi yana tsirowa a bayansa. Tana aiki, amma majinyaci yakan shafe watanni da yawa da ƙarfen a ƙafarsa.

Furotin mai kiran ƙashi

A 1965 Marshall Urist na Los Angeles ya cire ma'adinin da ke cikin ƙashi, ya dasa abin da ya rage a cikin tsokar dabba, sai ƙashi ya tsiro a wurin da babu ƙashi. Daga nan aka gano furotin da ake kira BMP. A 2002 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa, wanda ake jiƙa soson kolajin da shi, domin haɗe ƙasusuwan gadon baya, sannan a 2004 domin buɗaɗɗiyar karayar ƙwauri. Likitoci suka yi ta amfani da shi har a wuraren da ba a ba da izini ba. A 2008 hukumar ta yi gargaɗi kan kumburin wuya mai toshe numfashi, a 2011 kuma wata mujallar likitocin gadon baya ta nuna cewa rahotannin farko, waɗanda kamfanin ya ɗauki nauyinsu, sun rage faɗin illolinsa. Furotin ɗin yana aiki, amma soson yana sakin sa da yawa a lokaci guda, alhali jiki ɗan kaɗan yake fitarwa a hankali. Yadda za a sami abin da zai riƙe shi ya riƙa sakin sa daidai gwargwado yana cikin manyan tambayoyin da ake bincike a kai yanzu.

Gyaran guringuntsi

Kafin a shiga nan dole a rarrabe abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai ramin da ke samuwa a wuri guda a guringuntsin matashi bayan rauni, misali ɗan ƙwallon da gwiwarsa ta murɗe, alhali sauran gaɓar lafiya lau take. Akwai kuma amosanin gaɓɓai na manyanta, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi, inda guringuntsin gaɓar duka ke zaizayewa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya sauya, gaɓar ta riƙa kumbura. Kusan duk hanyoyin da za a ambata an yi su ne domin na farkon.

Hanya mafi sauƙi ita ce a aro jini daga ƙashi. Likita yana huda ƙananan ramuka a gindin wurin da ya ɗaye domin ɓargo ya tsattsafo ya daskare a ciki. Kenneth Pridie ya bayyana ta a Ingila a 1959, Richard Steadman ya gyara ta a Amurka a shekarun 1980. Tiyata ɗaya ce ta ƙaramar kafa, ba ta da tsada sosai. Abin da ke tsirowa dai guringuntsi ne mai kama da tabo, wanda bai kai na asali juriya ba, kuma a manyan ramuka sauƙin da ake samu yakan fara ja baya bayan shekara biyu zuwa biyar. Domin inganta ta akan rufe wurin da fatar kolajin, ko a cakuɗa jinin da wani sinadari da ake samu daga ɓawon jatan lande, saboda daskararren jinin ya zauna kada ruwan gaɓa ya wanke shi. Wata hanyar kuma, wadda Laszlo Hangody ya yaɗa daga Hungary, ita ce a ciro ƙananan turaku na ƙashi da guringuntsinsu daga gefen gwiwar da ba ya ɗaukar nauyi a jera su a ramin. Wannan guringuntsi na gaske ne, amma abin da za a iya cirowa kaɗan ne.

A 1994 Mats Brittberg da Lars Peterson da abokan aikinsu a Gothenburg ta Suwidin suka wallafa sakamakon majinyata 23 da aka yi wa wani sabon abu. An ɗebi ɗan guringuntsi daga gwiwarsu, aka raini ƙwayoyinsa a ɗakin gwaji har suka kai miliyoyi, sannan aka mayar da su ramin aka rufe da fatar ƙashi. Wannan rufi yakan yi kauri fiye da kima, ƙwayoyin kuma sukan tsiyaye. A nan kayan dashe suka shigo. A salon yanzu ana shuka ƙwayoyin ne a kan wata fatar kolajin, a yanka ta daidai ramin, a manna ta da gam ɗin da aka yi daga sinadarin daskarar da jini. A wani gwaji na majinyata 144 a Turai, waɗanda aka yi wa wannan sun fi waɗanda aka yi wa huji samun sauƙin ciwo da iya amfani da gwiwa bayan shekara biyu, kuma bambancin bai gushe ba a shekara ta biyar. Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2016. A Ingila an ba da shawarar irin wannan dashe a 2017, amma da sharaɗi: ramin ya wuce murabba'in santimita 2, ba a taɓa yi masa tiyatar gyara ba, kuma amosanin gaɓa bai yi nisa ba. Tiyata biyu ce, tana buƙatar ɗakin rainon ƙwayoyi mai tsananin tsafta, kuɗinta kuma yana da yawa ko a ƙasashe masu arziki.

Fatar kolajin da aka fi amfani da ita a wannan aiki daga alade ake samo ta, wasu kayan kuma daga shanu ko doki. Majinyaci yana da haƙƙin ya tambayi asalin abin da za a sa masa da ko akwai madadinsa kafin ya sa hannu a takardar amincewa.

Akwai sababbin hanyoyi biyu da suka cancanci ambato. A Basel ta Suwizalan an ɗebi guringuntsin cikin hanci, wanda ƙwayoyinsa suka fi na gwiwa kuzarin girma, aka raina shi a kan kolajin aka dasa a gwiwar mutum 10, aka wallafa sakamakon a 2016. A 2022 kuma Amurka ta amince da wani turke da aka sassaƙa daga murjani, wanda ake kafawa ya ratsa guringuntsi har cikin ƙashi ba tare da an raini ko ƙwaya ɗaya ba. Dukansu suna da alamar alheri, amma shekara goma ko ashirin ne ke nuna gaskiyar duk wani gyaran gaɓa. Misalin da ke sa a yi hattara shi ne Cartiva, wani toshi na roba mai ruwa-ruwa da aka amince da shi a 2016 domin gaɓar babban yatsan ƙafa, wanda aka janye daga kasuwa a 2024 bayan an ga yana gazawa fiye da yadda gwajin farko ya nuna.

Abin da ke hana ruwa gudu

A ƙashi babbar matsala jini ce. Ƙwayar halitta ba ta rayuwa idan ta yi nisan da ya wuce kimanin ɗaya bisa biyar na milimita daga jijiyar jini, don haka idan aka shuka ƙwayoyi a babban tsaiko, na tsakiya sukan mutu kafin jijiyoyi su iso. A 2004 likitoci a Kiel ta Jamus sun kauce wa wannan ta hanyar dasa ragar titaniyam mai siffar muƙamuƙi, cike da ma'adinin ƙashi da ɓargo da furotin BMP, a cikin tsokar bayan majinyaci. Bayan mako bakwai suka ɗauke ta da jijiyoyinta suka mayar fuska.

A guringuntsi matsalolin sun fi yawa. Sabon ba ya son mannewa da gefen tsohon. Na asali hawa-hawa yake, zarensa a kwance a sama, a tsaye a ƙasa, kuma har yanzu ba a iya kwaikwayon wannan tsari sosai ba. Ƙwayoyin tushe na ɓargo idan aka tura su su zama guringuntsi sukan zarce su fara zama ƙashi. Ga kuma nauyi: gwiwa tana ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki a tafiya kawai. Ramin da aka yi a gwiwar zomo yakan rufe cikin sauƙi saboda guringuntsinsa siriri ne, shi ya sa labaran nasara a kan ƙananan dabbobi ba su cika maimaituwa a kan mutane ba. Hoton nan da ya zagaya duniya a 1997 na ɓera mai kunne a gadon baya, ƙwayoyin guringuntsin saniya ne a kan roba mai siffar kunne, kuma kunne ba ya ɗaukar nauyin kowa.

Masu cutar sikila

Wannan fanni ya shafi masu sikila kai tsaye. Toshewar ƙananan jijiyoyi takan kashe kan ƙashin cinya a cikin kwankwaso, sau da yawa tun mutum yana matashi. Philippe Hernigou na asibitin Henri Mondor da ke kusa da Faris ya daɗe yana huda mataccen wurin yana zuba tataccen ɓargon majinyacin, kuma da yawa cikin waɗanda ya yi wa masu sikila ne. Wasu likitocin suna ƙara ma'adinin kalsiyam fosfet a ramin domin tallafi. Amfanin wannan yana samuwa ne kafin kan ƙashin ya lotsa. Idan ya lotsa guringuntsin da ke samansa ya lalace, abin da ya rage shi ne sauya ƙugun. A matakin farko hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito kamar babu komai, sai hoton MRI ke nunawa. Mai sikila da ke jin ciwo a matsematsi ko ƙugu wanda ba ya tafiya, ko ya fara ɗingishi, ya nemi ganin likitan ƙashi da wuri, a asibitin koyarwa ko irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Allurai da tallace-tallace

Har zuwa yau babu allura ko ƙwaya da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da amosanin gaɓɓai ya cinye. Allurar maiƙon gaɓa takan rage wa wasu ciwo na 'yan watanni, amma ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ba ta ba da shawarar a riƙa yin ta ga kowa ba. Babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2006 kan ƙwayoyin gulukosamin da kondiroitin bai nuna sun fi ƙwayar bogi ba idan aka ɗauki majinyatan gaba ɗaya. Allurar ƙwayoyin tushe, wadda ake talla da sunan sitem sel, har yanzu a matakin gwaji take ga ciwon gwiwa, kuma tana da haɗari: a 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 da aka kwantar a asibiti saboda ƙwayoyin cuta da suka shige su ta irin wannan allura da aka haɗa daga jinin cibiya. Abin da aka tabbatar yana taimakon mai amosanin gwiwa shi ne rage ƙiba, ƙarfafa tsokar cinya a ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo, maganin ciwo bisa ƙa'ida, sannan sauya gaɓar idan ta ƙare.

Wanda aka ce za a sa masa wani abin dashe ya tambayi sunansa da asalinsa, ko yana narkewa ko zai zauna, ko hukuma ta yi masa rajista, da kuma dalilin da ya sa aka fifita shi a kan ƙashin jikinsa. Idan gyaran guringuntsi ne ya tambayi ko ƙafarsa a miƙe take da ko jijiyoyin da ke riƙe gwiwar suna da lafiya, domin gwame ko bakan ƙafa da tsinkakkiyar jijiya suna lalata gyaran idan ba a daidaita su ba. Ya kuma shirya wa doguwar jinya, domin akan yi kimanin mako shida da sanda, komawa wasanni kuwa yakan kai shekara ko fiye. Shan taba yana rage jinin da ke isa ƙashi kuma yana ƙara yiwuwar dashe ya ƙi kamawa, haka ma ciwon suga da ba a daidaita ba, don haka likitoci da yawa kan nemi a daina tabar makonni kafin ranar tiyata.

Karayar da ƙashi ya huda fata ya fito, ko wadda aka ɗaure yatsu suka fara kumbura, suka yi sanyi, suka dushe ko suka daina ji, ta asibiti ce a ranar. Jinkiri a irin wannan ne ke kawo ruɓar da ke cinye ƙashi ta bar gurbin da sai an yi tiyata biyu ko uku kafin a cike shi, wani lokaci ma a rasa gaɓar.